Yaushe Sangaya Ta Tsufa?



Ranar da aka kawo mini takardar gayyata, aka ce in zo in yi magana a kan waƙa da shekaru, sai da na tambayi ɗan aiken ko ya duba sunan da kyau. Ni dai a sanina dattawa ake ba irin wannan lacca. Yaron ya dube ni, ya dubi gemuna, ya sunkuyar da kai. Wannan shirun nasa na ladabi ya ishe ni amsa, shi ya sa kuka gan ni a nan.

Tun da wuri bari in share hanya. Ban zo da fatawa a kan halaccin kiɗa ko haramcinsa ba, wannan fagen malamai ne, kuma ga su nan a zaune. Abin da na zo da shi labarin wata waƙa ne, da asirin da ta tona mini game da kaina da kuma tsararrakina.

Abin da ya faru a mota

Wani dare na ɗauko 'yata daga gidan yayata, muka faɗa cunkoson motoci a titin Zariya da ke Kano. Na kunna rediyo don rage zaman. Mai gabatar da shiri, wanda daga jin muryarsa bai fi ɗan cikina ba, ya ce yanzu lokaci ya yi da za a tuna baya, a sa wa iyayenmu tsofaffin waƙoƙi. Na gyara zama ina jiran kalangun Shata, ko kuntigin Ɗan Maraya, ko kotson Narambaɗa, domin su ne na sani da wannan suna. Sai kawai na ji fiyanon Sangaya ya tashi.

Da farko na ɗauka kuskure aka yi a ɗakin watsa shiri. Sangaya fa! Waƙar da muka sha a shagon mai kaset na bakin layinmu, wadda iyayenmu suka ce ita ce ƙarshen lalacewar zamani. Kafin in gama mamaki bakina ya riga ya kama baitin, har da ɗan buga sitiyari. 'Yata ta juyo ta kalle ni, ta ce, "Abba, a zamaninku da wannan ake rawa?"

Jama'a, kalmar "zamaninku" ita ta sare mini gwiwa. Yarinyar ba ta nufin raini, tambaya ta yi tsakani da Allah. Amma Bahaushe ba ya ce wa mutum "zamaninku" sai in zamanin ya riga ya nannaɗe tabarmarsa. Da wannan kalma nake yi wa mahaifina magana, Allah ya jiƙansa, in ya ɗauko zancen faifan garmaho. Ban san ranar da aka mayar da ni kujerarsa ba.

Da na isa gida na ɗauki biro na yi lissafi, kuma ina ba kowane tsarana shawarar ya yi shi, ko da zai hana shi barci. Waƙar Sangaya ta cika gari ne tsakanin ƙarshen 1999 da 2000. Yau an haura shekara 25. In ka tsaya a 1999 ka auna wannan tazarar ka koma baya, za ka sauka a 1974, lokacin Janar Gowon yana mulki, Naira tana da shekara ɗaya da haihuwa, Murtala bai hau ba tukuna. Yadda muke jin labarin zamanin Gowon a matsayin tarihin mutanen da, haka 'yata take jin Sangaya. Mai gabatar da shirin nan bai yi kuskure ba. Ni ne agogona ya tsaya ban sani ba.

Shekarar da aka yi musayar hannu

Akwai wani abu game da 1999 da ya kamata mu tsaya a kansa. A watan Mayu soja suka miƙa mulki ga farar hula. A watan Yuni Alhaji Mamman Shata ya rasu, aka binne shi a Daura. Kafin shekara ta zagayo, waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, ta mamaye gidajen biki da tashoshin mota daga Kano har Maraɗi da Damagaram. Kamar an shirya, kalangu ya rasa babban ubangidansa, fiyano ya samu sarauta.

Ba a rana ɗaya abin ya faru ba. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya soma kafuwa tun 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa. Kafin nan kuma kunnen Bahaushe ya daɗe yana shan waƙar Indiya a silima, a Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado. Iyayenmu da suke zagin kwaikwayon Indiya, da yawansu sun haddace muryar Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. Abdu Yaron Goge ya daɗe da juya karin waƙoƙin Indiya zuwa Hausa, masu bandiri ma sun ɗauki karin sun yi bege da shi. Abin da samarin Kano suka ƙara shi ne fiyanon Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna a gabansa ya fitar da ganga da sarewa da goge, sai tsarin nan na namiji ya yi baiti mace ta amsa.

Mu da muke da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin, wannan sauti namu ne, ba gado muka ci ba. Shata na babanmu ne, muna jin sa muna girmama shi. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, na fada ne da manya. Barmani Choge ta iyayenmu mata ce, in an kifa ƙwarya a cikin gida an kore mu waje. Amma Sangaya da Wasila da waɗanda suka biyo bayansu, mu aka yi wa. Da su muka yi zance, da su aka kai amaren abokanmu. Wanda ya taɓa sa biro a ramin kaset yana juyawa don kada batir ya ƙare, ko ya liƙe zaren da ya tsinke da jan farce na ƙanwarsa, ya san abin da nake faɗa.

Me ya sa waƙar ƙuruciya ba ta sakin mutum?

Tambayar da ta dame ni ita ce, me ya sa na manta lambar wayar ɗana, amma baitin da na yi shekara ashirin ban ji ba ya fito daga bakina babu tuntuɓe?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa in ka ce wa dattijo ya ba ka labarin rayuwarsa, mafi yawan abin da zai zubo daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 yake fitowa. A nan ne mutum ya fara komai: fara barin gida, fara neman na kansa, fara so, fara shan wuyar so. Abin da aka fara yi yana kama zuciya fiye da wanda aka maimaita sau dubu. A 1989 wasu masu bincike biyu a Amurka, Morris Holbrook da Robert Schindler, sun sa wa mutane masu shekaru daban-daban waƙoƙin zamani daban-daban, suka gano cewa waƙar da mutum ya fi so ita ce wadda ta yi tashe yana da wajen shekara 23 zuwa 24. Ni shekarata 22 da Sangaya ta fito. Kun ga ashe ba ni da wata dabara, tarko ne na faɗa kamar kowa.

Masu kula da tsofaffin da mantuwa ta kama su ma sun shaida cewa mutum zai iya manta sunan 'ya'yansa, amma a sa masa waƙar samartakarsa ya bi ta. Waƙa ba ita kaɗai take shiga kai ba. Tana shiga da ƙanshin turaren da ka shafa a daren, da fitilar ƙwai ta mai shayi, da fuskar wanda ke zaune kusa da kai a benci. In ta dawo, da su duka take dawowa.

Wannan shi ne ya sa abin yake da zafi. A cikin motar nan, da waƙar ta kai tsakiya, na tuna mu biyar ne muke zama a shagon mai kaset. Biyu sun riga mu gidan gaskiya. Ɗaya yana Legas, rabona da shi tun bikin ƙanwarsa. Haka in ka kalli finafinan lokacin. Balaraba Muhammad ta rasu a 2003, Ahmad S. Nuhu a ranar farko ta 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ibro a 2014. Allah ya jiƙansu. Kana kallon allo suna dariya suna tsalle, shekarunsu sun tsaya cak, kai kuwa ga ka nan kana neman tabarau kafin ka karanta saƙon waya. Waƙar tana nan yadda aka naɗe ta, ko daƙiƙa ɗaya ba ta ƙaru ba. Mai sauraro ne ya sauya, ita kuwa ta zama ma'aunin da yake gwada kansa da shi.

Ƙasar yara

Akwai kuma dalilin da ya sa waƙa take saurin tsufa a wajenmu fiye da wasu ƙasashe. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya tana nuna kusan rabin mutanen Nijeriya ba su wuce shekara 18 ba. A Nijar abin ya fi haka, rabin jama'a 'yan wajen shekara 15 ne zuwa ƙasa. Ma'ana, mafi yawan masu jin Hausa a yau ba a haife su ba lokacin da Sangaya ta fito. A Japan ko Italiya, mai shekara 48 tsakiyar jama'a yake. A Kano ko Damagaram, mai shekara 48 ya girmi mafi yawan waɗanda zai haɗu da su a titi. Tun bai shirya ba za a fara ce masa Baba a cikin A Daidaita Sahu, a matsa masa wuri a sahun masallaci.

Gidan rediyo kuwa da jama'a yake ciniki. A da, Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ne dandalin Arewa gaba ɗaya. In aka sa waƙa a Zaɓi Sonka, mai shayi a Gusau da direba a Yola da tela a Zangon Kumasi duk tare suke ji, kuma waƙa ɗaya takan shekara goma tana yawo. Bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, sai Freedom Radio ta zo Kano a 2003, wasu suka biyo baya da yawa. Kowace tasha tana neman kunnen matasa, domin su ne masu yawa, su masu talla suke nema. Don haka rana ta sabuwar waƙa ce, mu kuma a ware mana awa ɗaya da dare ko ranar hutu, a ce tuna baya.

Sai kuma abin da ke ɗauke da waƙar. Faifan garmaho ya yi shekaru da dama kafin kaset ya ture shi. Kaset ya yi wajen shekara 30 yana mulki. Faifan CD bai daɗe ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ba da jimawa ba aka koma wajen masu tura waƙa a memori, yau kuma sai YouTube da TikTok, inda ake yanko daƙiƙa talatin daga waƙa a yi yayinta na 'yan makonni a jefar. Kowane sabon mazubi ya fi na baya gajeren rai, waƙar da ke cikinsa ma haka. Ku tambayi ɗaliban nan da ke bayan ɗaki. Jarumar Mata ta Hamisu Breaker, wadda matan aure suka yi ta rawarta a 2020 lokacin kullen korona, a wajensu ta riga ta zama tsohon yayi. Waƙoƙin farko na Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef kuwa sun kusa iso mu a shirin dare. Ɗalibai, na ga kuna dariya. Ku yi da kyau, layi ne, kuma yana tafiya da sauri fiye da yadda ya yi da mu.

Laifi tudu ne

Yanzu bari in juyo kan tsararrakina, domin a nan ne maganar take da ɗaci. Ku saurari hirarmu a majalisa in an sa waƙar yaran yanzu. Cewa muke babu ma'ana, babu Hausa, na'ura ce take gyara musu murya, kwaikwayon mawaƙan Kudu da na Amurka ne kawai. Ina roƙon ku ku tuna inda kuka taɓa jin wannan magana. Ni dai na tuna. A zauren gidanmu na ji ta, daga bakin mahaifina da abokansa, a kan waƙoƙinmu: babu ma'ana, babu azanci, fiyano ne yake yi musu kiɗan, kwaikwayon Indiya ne kawai. Har gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, aka kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma rawa da waƙa suna cikin manyan abubuwan da aka yi ta ƙorafi a kansu.

In muka ƙara komawa baya, su ma iyayen namu ba su tsira ba. Shatan da jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, domin gidansu ba gidan roƙo ba ne. Goge da kukuma, waɗanda yau ake kawowa bikin al'adu ana tafi, a da kiɗan 'yan duniya ake ce musu, ɗan mutunci ba ya so a gan shi a wurin. Garba Supa da Hassan Wayam da muke kira na gargajiya, a lokacinsu su ne 'yan zamani, samari da 'yan mata suke bi. Abin da ake kira gargajiya sau da yawa yayin jiya ne wanda masu zaginsa suka mutu suka bar shi.

Ban ce duk waƙa ɗaya ce ba. Wanda ya san Hausa ya san Bakandamiyar Shata ko ta Narambaɗa ba sa'ar waƙar da aka haɗa cikin awa biyu ba ce. Akwai gwaninta, akwai shirme, kuma ya halatta a bambance. Amma mu yi adalci wajen awo. Abin da gidan rediyo yake sa mana da dare tankaɗaɗɗen gari ne. A shekarun nan an yi ɗaruruwan waƙoƙin fim, mafi yawansu ko mu da muka saya ba ma iya tuna su, domin ba su cancanci a tuna su ba. Lokaci ya tankaɗe, ya bar mana 'yan ƙalilan. Sai mu ɗauki wannan tankaɗaɗɗen mu gwada da tsabar yau da ba a ko surfa ba, mu ce zamani ya lalace. A cikin na yau ma akwai masu sarrafa harshe. Wanda ya zauna ya saurari Aminu Ala da kunnen basira ba zai ce Hausa ta mutu ba.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni zan ƙara da cewa mai tuna bara yakan yi mata kwalliyar da ba ta da ita. Shekarun da muke kewa, shekarun layin mai ne, da yajin aikin jami'a da ya mayar da karatun shekara huɗu ya zama shida, da zaman jiran aikin da bai zo ba. Ba daɗin ƙasa muke tunawa ba. Gwiwarmu muke tunawa lokacin ba ta ƙara, da iyayenmu lokacin suna raye, da kanmu lokacin ba mu san abin da za mu zama ba, saboda haka muna iya zama komai. Yaron da ke sa abin ji a kunne yau yana cikin nasa irin wannan lokacin. In ka zagi waƙarsa, ƙuruciyarsa ka zaga, kuma zai riƙe maka kamar yadda ka riƙe wa naka uban.

Marayun waƙoƙi

To, in an mayar da mu kujerar dattawa, mene ne aikin mai wannan kujera? A nan nake so in kai maganata.

Waƙoƙin iyayenmu sun yi sa'ar masu kula. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa da mawaƙan Hausa ya rubuta tarihinsu. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta Shata Ikon Allah, Dakta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ma ya yi nasa babban aikin a kan Shata. Ɗalibai sun yi digiri a kan Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Ɗan Maraya. Ko da yake an yi asarar faifai da yawa, an dai san waɗannan mutane, an san garuruwansu da iyayen gidansu.

Waƙoƙinmu fa? In ka cire irin aikin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi a kan fim da kiɗan zamani, da na wasu 'yan ƙalilan, marayu ne. Manya sun raina su tun suna sababbi, mu kuma da muka girma sai muka fara jin kunyar cewa mun taɓa son su. An naɗe su a kaset da faifan CD, abubuwan da zafi da ƙura da damina suke ci. Shagunan Ƙofar Wambai da Bata da suka rayu da sayar da su, kasuwar ta watse. Abin da ya rage yana yawo a intanet, an kwafo daga kwafin kwafi, sauti ya dushe, babu shekara, babu sunan mai waƙa.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai. Tsarin fim ɗinmu irin na Indiya ne, wani ya rera a situdiyo, wani ya motsa baki a allo. Har yau akwai masu rantsuwa cewa jarumin da suka gani shi ya yi waƙar. Muryoyin da suka raka mu zance na su Misbahu M. Ahmad ne, da Rabi Mustapha, da Mudassir Ƙasim, da Sadi Sidi Sharifai, da Yakubu Muhammad, da Fati Nijar, da Maryam A. Baba, da wasu da yawa. Masu kaɗa fiyanon kuwa, waɗanda suka ƙirƙiro sautin da ya sauya kiɗan Hausa, ko a cikinmu mutum nawa ne zai iya kawo sunan uku? A daren nan da nake ba ku labari, mai gabatar da shirin ya sa waƙa biyar a jere, bai faɗi sunan mawaƙi ko ɗaya ba. Ban ga laifinsa ba. Wa ya gaya masa?

Mu ne ya kamata mu gaya masa. Mu ne kaɗai muka san wace waƙa ta riga wace, a wane fim ta fito, wa ya rera, me gari ya ce da ta fito. Wannan ilimi ne, ko da a da ba mu ɗauke shi ilimi ba, kuma a kawunanmu kawai yake. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an samu wanda ya adana ta a tulu.

Kammalawa

Saboda haka ina da roƙo, kuma zan kama suna.

Shugabannin gidajen rediyo, shirin tuna baya kada ya zama na cike gurbi. Ku sa wanda ya san waƙoƙin ya zauna da yaron da ke gabatarwa. A faɗi sunan mawaƙi da makaɗi da shekara kafin a sa waƙa. Waɗanda ke raye a gayyato su su ba da labari da bakinsu, kuma a ba su haƙƙinsu, domin da yawansu ba su ci komai ba daga waƙoƙin da suka yi tashe. Tsofaffin faifan da ke ɗakunan ajiyarku a juye su a kwamfuta tun zaren bai manne ba.

Malaman jami'a da cibiyoyinmu, irin su Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da sassan Hausa na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni a Yamai, ku buɗe wa waƙar fiyano ƙofa. Ba sai kun so ta ba. Shekara 25 na rayuwar Bahaushe suna cikinta, yadda ya yi soyayya, yadda ya yi ado, yadda harshensa ya sauya. A tura ɗalibai su yi hira da masu ita yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsararrakina, maza da mata, kwalin kaset ɗin nan da ke ƙarƙashin gado ko a saman sif, kada a zubar in an zo sharar salla. A kai inda za a juye. In ɗanka ya tambaye ka waƙar zamaninku, kada ka haɗe rai. Zauna ka gaya masa inda kake da ka fara jin ta, da wanda kuke tare. Sannan ka ce ya sa maka tasa, ka saurara har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

Ku kuma ɗalibai, waƙar da ke cikin wayarku yau, ku rubuta sunan mai ita da shekararta ku ajiye. Wata rana kuna cikin cunkoson motoci za a sa ta a shirin tsofaffin waƙoƙi, wani yaro a kujerar gefe zai juyo ya tambaye ku. Furfura ba ta sallama kafin ta shigo, kuma samun ta ma arziki ne, domin biyu daga cikin abokan zamana a shagon mai kaset ba su kai ga ganin tasu ba.

Ni dai na ba 'yata amsa a daren nan. Na ce mata e, da ita ake rawa, kuma a bikin da na fara ganin mahaifiyarki ita ake sawa. Tun daga ranar ta tura waƙar a wayarta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu tsufa da mutunci.